Sarrafa Kafofin Sautin da Ba a Bukata Wajen Tace Bidiyo: Misalai Daga Unguwar Romi ta Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kallon bidiyon biki, ko na wa'azi, ko na taron ƙungiya, ya san irin ɓacin ran da akan ji idan hoto ya fito tangaran amma magana ta ƙi fita. Ga dattijo nan ana ganinsa yana motsa baki, yana yi wa ango da amarya nasiha, amma abin da ke isa kunne shi ne rugugin janareto da hayaniyar yara, ko kuwa muryar ta fito ta kunne ɗaya kurum, ɗayan shiru. Galibi akan ɗora wa kyamara laifi, ko a ce mai ɗaukar hoton bai iya ba. Alhali kuwa sau da yawa maganar tana nan lafiya lau a cikin abin da aka ɗauka, sai dai an bar ta ta cakuɗe da waɗansu kafofin sauti waɗanda ya kamata a ware tun a wurin tacewa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ake nufi da kafar sauti, da dalilan da kan sa wata kafa ta zama kaya, da kuma hanyoyin da mai tace bidiyo kan bi ya sarrafa ta a cikin manhajar kwamfuta. Tacewa a nan ana nufin yankan hoto da sauti da jera su, watau abin da 'yan sana'ar ke kira editin, ba irin tacewar da hukuma kan yi wa fina-finai kafin a sake su kasuwa ba. An ɗauki misalai daga Romi domin a can ana haɗuwa da matsalar ta fuskoki da dama.

Romi da masu ɗaukar bidiyonta

Romi unguwa ce a kudancin kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Cikun, a sashen da su Sabon Tasha da Talabijin da Gonin Gora suke. Wannan sashe na birnin ya cika da jama'a ne a sanadin masana'antu, tun daga masaƙar Kakuri ta 1957 har zuwa matatar mai ta 1980. Mazauna wurin sun haɗa da Gwarawa, waɗanda su ne 'yan asalin ƙasar, da mutanen kudancin Jihar Kaduna masu harsuna daban daban, da baƙi daga sauran sassan Nijeriya. Hausa da Turanci su ne ke haɗa su a kasuwa da wurin ibada da taron dangi.

Birnin Kaduna ba baƙo ba ne ga aikin sauti da hoto. A cikinsa aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, kuma a cikinsa aka fara buga mujallar Fim a 1999. Amma yawancin masu riƙe da kyamara a unguwa irin Romi ba ma'aikatan gidan talabijin ba ne. Samari ne da 'yan mata masu ɗan shago ko kwamfuta a ɗaki, waɗanda ake ɗauka aikin biki da suna da jana'iza da taron majami'a. Irin wannan aiki ba a maimaita shi. A fim, idan sauti ya lalace sai darakta ya ce a sake. A wurin ɗaurin aure kuwa, abin da kakan amarya ya faɗa ya faɗa ke nan, wataƙila ma wannan ce muryarsa ta ƙarshe da iyali za su samu su adana.

Mece ce kafar sauti?

Kafar sauti ita ce hanya guda wadda sauti ke bi shi kaɗai, tun daga makirfo har zuwa lasifika, ba tare da ya gauraya da na wata hanyar ba. Ana iya kwatanta ta da lambatun ban ruwa a fadama: kowane lambatu da ruwansa, mai lambu yana iya toshe wannan ya buɗe wancan, amma da zarar ruwan biyu sun haɗu a kwami ɗaya, raba su ya gagara.

Idan kafa ɗaya ce, sai a kira sautin mono. Idan biyu ne, ta hagu da ta dama, sai a kira shi sitiriyo, tsarin da injiniyan nan na Ingila, Alan Blumlein, ya yi wa rajista a 1931. Akwai kuma tsarin kafa shida na gidajen silima wanda ake rubutawa 5.1, watau hagu da dama da tsakiya, da biyu na baya, da ɗaya ta ƙasaitaccen rugugi. Wajibi ne a bambanta kafa da layi. Kafa tana cikin fayil ɗin da kyamara ta ɗauka. Layi kuwa shi ne gurbin da manhaja ke shimfiɗa sautin a kan allon aiki. Layi guda yana iya ɗaukar kafa biyu a manne, kuma daga nan ne rikici kan faro, domin manhaja ba ta san abin da ke cikin kowace kafa ba. Idan ta ga biyu, sai ta ɗauka hagu da dama ne na sauti guda, ko da kuwa ɗaya muryar mai jawabi ce, ɗayar kuma hayaniyar fili.

Daga kaset zuwa kwamfuta

A zamanin kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, kuma wanda a kansa aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, galibin kyamarori siririn layi guda suke rubuta sauti a gefen zaren kaset. Wanda ya so ya ɗora waƙa a kan hoton biki, sai ya shafe sautin asali ɗungurungum, kuma abin da ya tafi ya tafi. Kaset ɗin DV na tsakiyar shekarun 1990 ya ba da zaɓi tsakanin kafa biyu masu inganci da kafa huɗu masu ƙarancin inganci. A lokaci guda manhajojin tacewa suka yaɗu: Avid a 1989, Adobe Premiere a 1991, Final Cut Pro a 1999, daga baya kuma DaVinci Resolve da CapCut na wayar hannu. Babban abin da waɗannan manhajoji suka kawo shi ne cewa ba su taɓa fayil na asali. Abin da aka cire daga allon aiki yana nan a ma'ajiya, ana iya dawo da shi. Amma fa da zarar an fitar da aiki an miƙa wa mai shi, sa'an nan aka share na asali domin a samu wuri, an koma gidan jiya.

Ire-iren kafofin da ba a bukata

Na farko shi ne kafa wofi. Kyamarar sana'a tana da mashiga biyu, wata ma huɗu. Idan aka jona makirfo ɗaya a mashiga ta farko aka bar ta biyu, sai murya ta zauna a hagu, dama kuwa babu kome sai ɗan shuuu na na'ura. Wanda ya saurara da abin kunne zai ji magana ta gefe guda, abin da kan gajiyar da mai sauraro cikin 'yan mintoci.

Na biyu shi ne makirfon jikin kyamara. Mai aiki nagari kan jawo waya daga miksar mai kayan sauti zuwa kafa ta farko, ya bar makirfon kyamara yana ɗaukar fili a kafa ta biyu. Idan aka bar su duka biyun suna tashi, sai a ji magana tana da amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. Dalili kuwa shi ne, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, alhali wanda ya biyo waya nan take yake isowa. Kyamarar da ke nesa da lasifika da mita 14 tana samun sautin a makare da kimanin kashi 1 cikin 25 na daƙiƙa, watau tsawon hoto guda cikin hotuna 25 da bidiyon Nijeriya ke nunawa a kowace daƙiƙa. Kunne yana jin wannan tazara sarai.

Na uku shi ne kafar da ta kife. Wannan ita ce mafi ban mamaki. Wayar makirfo ta sana'a, mai ƙafa uku, tana ɗauke da sauti sau biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a kife, domin na'urar da ke karɓa ta yi amfani da bambancin ta kashe ƙarar da ta shiga a hanya. Idan aka jona irin wannan waya a ƙaramar mashigar sitiriyo da mahaɗin da bai dace ba, sai miƙaƙƙen ya tafi hagu, kifaffen ya tafi dama. A shago, da abin kunne, kome zai yi kamar daidai. Amma idan mai biki ya kunna a wayar hannu mai lasifika ɗaya, wadda ke haɗa hagu da dama wuri guda, sai kafofin biyu su cinye juna, murya ta ɓace ko ta koma kamar raɗa. Mai aiki ya rantse akwai sauti, mai biki ya rantse babu, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa.

Na huɗu shi ne kafa mai gurnani. Wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saɓanin ta Amurka mai sau 60. Idan kyamara da miksa suna shan wuta daga soket daban daban, ko waya ba ta da kyakkyawar kariya, sai wannan kaɗawa ta shiga sauti a matsayin gurnani mara yankewa, tare da 'ya'yanta a 100 da 150 da abin da ya yi sama. Janareto kuwa ba ya tsayawa cak a kan 50, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, don haka gurnaninsa ya fi wuyar kamu.

Na biyar shi ne kafar da ba ta da aibi ko kaɗan, sai dai ba wannan mai sauraron ne ke bukatarta ba. A majami'u da tarurrukan Romi an saba mai jawabi ya yi magana da Turanci, tafinta yana mayarwa da Hausa, ko akasin haka. Idan kowannensu yana kan kafarsa, ana iya fitar da aiki iri biyu daga ɗauka guda, na Hausa domin tsofaffi a ƙauye, na Turanci domin dangin da ke Legas ko Turai. Haka nan waƙoƙin da mai kiɗan faifai ke sakawa a biki: YouTube da Facebook suna da na'urar gane waƙar da ke da mai ita, kuma suna iya toshe sautin bidiyo ko su hana shi fita saboda ita. Wanda ya ware kafar kiɗa daga ta magana yana da mafita.

Hanyoyin sarrafawa

Mataki na farko shi ne sauraro, kafa bayan kafa, kafin a yanka kome. Kowace manhaja tana da maɓallin rufe bakin layi da maɓallin kaɗaita shi, watau a ji shi shi kaɗai. Zanen igiyar sauti da ma'aunin ƙarfinsa suna taimakawa, domin kafa wofi miƙaƙƙen zare take nunawa, amma ido ba ya maye gurbin kunne.

Mataki na biyu shi ne a gaya wa manhaja gaskiyar abin da ke cikin fayil. A Premiere da Resolve da Final Cut duka akwai wurin da ake sauya fasalin kafofi, a ce wannan ba sitiriyo ba ne, mono biyu ne masu zaman kansu. Da zarar an yi haka, kowace kafa za ta samu layinta, kuma murya za ta zauna a tsakiya ta fito ta kunne biyu. Ya fi kyau a yi wannan tun kafin a ɗora hoton a allon aiki, domin a Premiere sauyin fasali ba ya bin guntayen da aka riga aka jera. Idan an riga an yi nisa, akwai dabarar cike dama da abin da ke hagu, ko hagu da abin da ke dama. Wannan dabara ita ce maganin kafa wofi, ita ce kuma maganin kafar da ta kife, tun da an yar da ɗaya an ninka ɗayar.

Mataki na uku shi ne daidaita sauti da hoto. A nan ne makirfon kyamara yake da rana. Idan an ɗauki magana da wata na'ura daban, manhaja tana kwatanta igiyarta da ta makirfon kyamara ta daidaita su. Wanda ya yi gaggawar share kafar kyamara tun farko, ya jefar da ma'auninsa, sai ya koma bin leɓe da ido. Tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara kafin a fara, wanda shi ne aikin allon nan da 'yan fim ke bugawa, yana sauƙaƙa wannan mataki ƙwarai.

Mataki na huɗu shi ne zaɓi tsakanin sharewa da rufe baki da ragewa. Kafa wofi ce kaɗai ta cancanci sharewa ba tare da shawara ba. Kafar fili kuwa rage ta ake yi a lokacin jawabi, a ɗaga ta a lokacin guɗa da tafi da amsa addu'a, domin miksa ba ta ɗaukar waɗannan, kuma biki ba guɗa kamar miya ce ba gishiri. Idan aka yanke tari ko ƙarar babur daga tsakiyar magana, kada a bar gurbin shiru ƙurmus, domin kunne zai ji kamar an ɗauke wuta. Akan cike shi da 'yar iskar wurin, wadda aka ɗauka na kamar minti ɗaya lokacin da ba kowa ke magana.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Bidiyo yana amfani da ma'aunin ɗauka na 48,000 a daƙiƙa, faifan waƙa kuwa 44,100, saboda haka sai a tabbata an fitar da aiki a kan na bidiyo. Ma'aunin ƙarfi kada ya taɓa sifiri, domin daga nan sauti ke fashewa. Sa'an nan a saurari aikin da abin kunne, a saurare shi a talabijin, a kuma saurare shi a ƙaramar wayar hannu, domin a cikinta ne akasarin jama'a za su kalle shi.

Fassarar fina-finai

Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa, sana'ar da ta bunƙasa a Kano, su ma da wannan matsala suke fama, sai dai a wurinsu kafar da ba a bukata ita ce maganar 'yan wasa da harshen asali. A tsarin kafa shida, akasarin magana a kafar tsakiya take. Idan aka rufe bakinta, kiɗa da ƙarar mota da rugugin faɗa suna nan a sauran, sai a ɗora muryar Hausa a gurbin. Amma tsakiyar takan tafi da takun ƙafa da buɗe ƙofa, kuma wani lokaci inuwar maganar takan rage a gefe. Idan fim ɗin sitiriyo ne kawai, akan kifar da kafa ɗaya a haɗa ta da ɗayar domin abin da ke tsakiya ya mutu, watau da gangan ake yin abin da aka bayyana a sama a matsayin kuskure, amma ganga da kauri na kiɗa sukan mutu tare da maganar. Hanyar da manyan kamfanonin duniya ke bi ita ce mai fim ya ba da kiɗa da sauran ƙararraki a ware, ba magana a ciki, bisa yarjejeniyar haƙƙin mallaka.

Abin da ya shafi harshen Hausa

Idan sautin da ba a so ya riga ya shiga kafa ɗaya da murya, ba sauran batun rufe baki, sai tata. Akwai matata mai yanke duk abin da ke ƙasa da kaɗawa 80, wadda ke kashe uwar gurnani ba tare da ta cuci magana ba. Amma 'ya'yan gurnanin na 100 da 150 suna zaune ne daidai inda muryar namiji take, don haka wanda ya matsa musu da yawa zai bar dattijo da siririyar murya kamar ta cikin gwangwani. Akwai kuma sababbin matatai masu ƙirƙirarriyar basira, irin wadda aka sa a Resolve a 2022, masu zare muryar mutum daga cikin hayaniya.

A nan ne ɗalibin harshe yake da abin cewa. Hausa tana rarrabe ma'ana da ƙananan abubuwa. Tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, bambancin yana cikin ɗan motsin maƙwallato ne na ƙiftawar ido. Tsakanin gari na zama da gari na tuwo tsawon wasali ne kaɗai. Tsakanin kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne kaɗai. Haka nan ya tafi mai ba da labari da ya tafi mai ba da umurni. Matatar da aka matsa wa lamba takan dakushe farkon gaɓa, ta haɗiye gajeren wasali a ƙarshen kalma, musamman a bakin tsoho mai magana a hankali. Mai tacewar da ba ya jin Hausa sosai zai ji sauti ya yi tsab ya yi murna, bai san garin gyaran gira an rasa ido ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi ga masu nazarin adabin baka. Na'ura ba ta san cewa kalangu magana yake yi ba, tun da karin harshe yake bi, a wurinta ƙara ce. Ba ta san 'yan amshi rabin waƙa ne ba, ko cewa kirarin sanƙira da guɗar mata da amsar da yara ke bayarwa a farkon tatsuniya duk cikin aikin suke. Ɗalibin da ya ɗauko waƙar gargajiya a Romi, ta Gwarawa ce ko ta Hausawa, ya zare muryar makaɗi ya watsar da sauran, ya adana rabin abu ne. Haka kuma a taron gari: wanda ya rufe kafar fili a daidai inda jama'a suka yi gunaguni, ya sauya tarihin taron ko da bai taɓa kalma ɗaya ta mai jawabi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa akasarin wahalar tacewa tun a wurin ɗauka ake saye ta ko a kauce mata, kamar yadda Hausawa kan ce tun ran gini tun ran zane. A ba kowane makirfo kafarsa, a sa abin kunne a lokacin ɗauka, a nisanta janareto, a gwada waya kafin taro ya cika. A wurin tacewa kuma a saurari kowace kafa ita kaɗai, a raba waɗanda aka manne bisa kuskure, a fifita rufe baki da ragewa a kan sharewa. Fiye da kome, a adana fayil na asali da dukan kafofinsa a wuri biyu, a rubuta abin da ke cikin kowace kafa da ranar ɗauka da wurin. Kafar da aka rufe wa baki yau domin ta dami mai biki, ita ce wataƙila jikoki za su nema nan gaba domin su ji yadda ake guɗa a Romi.